Amsa ga Alhaji mai riɗi na Maigatari: yadda na'urar boda ke gane kayan nukiliya a cikin kwantena

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa ne don ba tambayar da za a amsa a tsaitsaye bace. Ka ce ejan ɗinka na Legas ya faɗa maka in kwantenar riɗinka ta sauka tashar jirgin ruwa a Turai ko Amurka sai an bi da ita ta tsakanin wasu ginshiƙai guda biyu masu shinshino kayan nukiliya, shine kake tambaya ta yaya ƙarfe zai san abinda ke cikin kwantena a rufe, kuma shin zai iya yi wa kayanka ƙazafi a riƙe maka su. Toh aikin auna radiyeshan shine abinda na karanta kuma na daɗe ina taɓawa da hannuna, bari in warware maka iya yadda zan iya.

Abu na farko da nake so ka cire a ranka shine wai na'urar tana gani. Ba ta ganin komai, ƙirga kawai take yi. Kuma ba ta harba komai cikin kayanka, ba irin sikanar kwastam ba ce mai haska kwantena ta fito da hoto, wannan saurare kawai take, don haka riɗinka ba abinda zai same shi. A cikin kowane ginshiƙi akwai wani faffaɗan allon roba na musamman, duk sanda ƙwayar hasken gamma, wato wani haske mai ratsa ƙarfe da kayan radiyeshan ke fitarwa, ta faɗa cikinsa sai ya yi ɗan walƙiya wanda ido ba ya gani, sai wani bututu ya mayar da walƙiyar lantarki, kwamfuta ta ce ɗaya. Wata ta faɗo ta ce biyu. Haka har dubbai a daƙiƙa guda. Gefe guda kuma akwai wasu bututai masu ƙirga wata ƙwayar daban da ake kira niyutiron, zan dawo kanta.

Matsalar ita ce ko babu mota ko ɗaya a wajen na'urar ba ta yin shiru. Ƙasar da muke takawa, bulo, kankare, dutse, har sararin sama, duk suna fitar da ɗan radiyeshan tun da Allah ya halicce su, jikinka ma Alhaji akwai fotashiyam-40, wani nau'in sinadarin fotashiyam mai fitar da radiyeshan, da ke fashewa wajen sau 4,000 a kowace daƙiƙa, nawa ma haka. Wannan shi nake kira ƙirgen gida, wato abinda na'ura ke ji in babu baƙo. Kuma ƙirgen gida ba ya tsayawa kan lamba ɗaya. Ka tuna farkon damina in an fara yayyafi kana zaune a rumfar kwano, ɗigon ba ya sauka a jere kamar bugun agogo, wani lokaci uku su faɗo tare sai a ɗan yi shiru sai biyar, amma in ka ƙirga na minti guda ka sake ƙirga na wani mintin za ka ga sun yi kusa da juna. Fashewar ƙwayar zarra haka take sak. Wani Bafaranshe mai suna Poisson ya fitar da lissafin irin wannan ƙirge a 1837, daga baya a 1898 wani masani a Jamus ya gwada shi kan adadin sojojin da doki ke harba su mutu duk shekara, ya ga ya hau daidai. Abinda za ka riƙe daga lissafin abu ɗaya ne, hawa da saukar ƙirge yana kai kimanin saiwar adadin, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin. Wannan gwargwadon shi ake kira sigima.

Bari in ba ka misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce ƙirgen gida 2,500 ne a daƙiƙa, saiwarsa 50, don 50 sau 50 shine 2,500. Toh in mota ta shigo aka ga 2,540 ba komai bane, ko babu motar ma ana ganin haka kullum. In aka ga 2,600 sigima biyu kenan, wannan yana faruwa da kansa kusan sau 1 cikin 44. In aka ga 2,650, sigima uku, sau 1 cikin wajen 740. In ya kai 2,700, sigima huɗu, sau 1 cikin sama da 30,000. Kaga kenan dole wani mutum ya zauna ya ja layi ya ce daga nan zuwa sama a yi ihu, daga nan zuwa ƙasa a wuce, kuma duk ilimin nan a kan wannan layin yake juyawa. Kamar rariya ce, in ka sa mai ƙananan ido ba tsakuwar da za ta wuce amma za ka kwana kana tankaɗe, in ka sa mai manyan ido ka gama da wuri amma tsakuwa ta bi gari. Layi ya yi ƙasa, ihun ƙarya ya yi yawa, motoci su yi jerin gwano. Layi ya yi sama, mugun kaya ya wuce salin alin. Ba yadda za ka rage ɗaya ba tare da ka ƙara ɗayan ba sai dai in ka ƙara girman na'ura ko ka ƙara lokacin saurare. Wani masani a Amurka, Lloyd Currie, shi ya tsara wannan magana tsaf a 1968, ya raba layin yanke hukunci da mafi ƙanƙantar abinda na'ura za ta iya kamawa da tabbaci, har yau da tsarinsa muke aiki a ɗakin gwaji.

Akwai wani tarko a nan da ko ɗalibai suna yawan faɗawa. Sai mutum ya ce ai 1 cikin 740 ya isa, ya manta na'urar ba sau ɗaya take duba mota ba, tana sake yin lissafin sau da yawa a kowace daƙiƙa, a kowane allo, tun daga kan mota har wutsiyarta. In a ce dubawa 50 ake yi wa kowace tirela, toh wannan 1 cikin 740 ya koma kusan tirela 1 cikin 15 za ta sa ihu alhali ba komai a cikinta. Shi ya sa ake ɗaga layin sama fiye da yadda mutum zai zata.

Maganar lokaci kuwa ita ce dalilin da ya sa ake tilasta direba ya rage gudu zuwa wajen kilomita 8 a awa in zai bi ta tsakanin ginshiƙan. Koma misalinmu, a ce akwai wani abu da ke ƙara 50 kacal a daƙiƙa. A daƙiƙa ɗaya ya ɓace cikin hawa da saukar gida, sigima ɗaya ne. Amma in ka saurara daƙiƙa 16, ƙirgen gida ya zama 40,000, saiwarsa 200, baƙon kuma ya tara 800, ya fito fili sigima huɗu. Wato sai ka ninka lokaci sau huɗu kafin kaifin na'ura ya ninka sau biyu, abin da tsada. Ga kuma tazara, in abu ya ninka nisansa daga allon, abinda ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Yanzu ga wanda na san za ka fi kowa ganewa, don kai kake yinsa duk ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. In manomi ya kawo maka buhun riɗi ba zazzage shi kake yi ba, kuma ba ka da dokar cewa kowane buhu sai an soka shi sau goma. Ka soka ƙarfe ka zuba a tafin hannu ka hura, tas, ka soka ta ƙasa, tas, sai ka ce a ɗora a sikeli. Wani buhun sokawar farko ka ji yashi a yatsa, ka sake ka ji, ba sai an kai ta uku ba ka ce a ajiye gefe. Wanda ke cin lokacinka shine na tsakiya, ba tas ba kuma ba ƙazami ba, shi kake ta sokawa har zuciyarka ta tsaya waje ɗaya. Wallahi wannan shine abinda wani masanin lissafi mai suna Abraham Wald ya mayar lissafi lokacin yaƙin duniya na biyu, aka buga shi a 1945. Kowane ɗan ƙirge da ya shigo sai a tambaya, wannan ya fi kama da mota mai tsabta ko mai ɗauke da wani abu, a riƙa tara amsar, in ta taɓa layin sama a yi ihu, in ta taɓa layin ƙasa a sallami mota, in tana tsakiya a ci gaba da saurare. Amfaninsa a matsakaici yana yanke hukunci da ƙarancin ƙirge fiye da wanda ya ƙayyade lokaci tun farko, kuma ana amfani da shi a irin waɗannan na'urori.

Duk wannan da sauƙi ne in da ƙirgen gida zai tsaya yadda aka auna shi. Ba ya tsayawa. Ita kanta motar in ta shigo tana tare radiyeshan ɗin da ke tasowa daga ƙasa da kwalta, kamar yadda take tare rana ta yi inuwa, sai ƙirgen ya faɗi, sau da yawa kashi 10 cikin 100 ko fiye in kayan masu nauyi ne. A misalinmu 2,500 ya koma 2,250. Toh a ce akwai abu a ciki mai ƙara 300, jimla 2,550, na'urar da ke kwatantawa da tsohon 2,500 za ta ce sigima ɗaya ne a wuce, alhali in da ta san da inuwar sama da sigima shida ne. Wannan ya daɗe yana damun masu aikin, shi ya sa yanzu ake koya wa kwamfuta siffar inuwar da kowace irin mota ke yi daga dubban motocin da suka wuce a baya. Ruwan sama ma yana nasa, in an fara ruwa yana wanko 'ya'yan radon, wata iska mai radiyeshan da ke fitowa daga ƙasa, daga sama ya zubo su ƙasa, ƙirge ya tashi, sai bayan awa biyu zuwa uku ya lafa don ba su da tsawon rai. Sannan wuri da wuri ba ɗaya ba, abinda za ka auna a kan rairayin Maigatari ba shi za ka auna a gindin duwatsun Dutse ko Birnin Kudu ba, balle tarin ƙasar haƙar kuza a Jos mai ɗauke da toriyom. Duk wanda ya kwaso saitin na'ura daga wata ƙasa ya dasa a bodarmu bai zauna ya auna namu ƙirgen gidan rani da damina ba, a ganina bai yi aiki ba.

Amma babban ciwon kan ba ihun ƙarya bane, ihu ne na gaskiya a kan kayan halal. Wata damina na je gida da ƙaramar na'urar hannu a jaka, na shiga shagon wani mai sayar da taki a Gumel, ina kusantar inda aka jera buhunan NPK har rufi sai ƙarar ƙyas ƙyas ɗin ta ƙaru, na matsa wajen yuriya ta koma yadda take, na dawo ta sake tashi. Mai shagon ya miƙe tsaye ya ce malam lafiya, ni fa a nan nake wuni har in yi sallah. Na ce lafiya lau, zauna, harafin K ɗin nan da ke jikin buhu fotashiyam ne, yuriya kuma babu shi. Lissafin ma ga shi, buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana da fotashiyam wajen kilo 6, kowane giram yana fashewa kusan sau 31 a daƙiƙa, buhu ɗaya wajen 190,000 kenan, tirela mai buhu 600 ta haura miliyan 100, kuma kusan 1 cikin 10 na fashewar ne ke fitar da gamma. Ba ya cutar da mai shago ko direba ko kaɗan, amma na'ura tana jinsa sarai. Haka tayil, dutsen giranait, takin fosfet, kwanukan tangaran, har mutumin da aka yi wa gwajin asibiti da maganin radiyeshan kwanan nan. Kanwar da ke shigowa daga Nijar kuwa, duk da ana ce mata fotash da turanci, galibinta gishirin sodiyam ce, ba sahun taki take ba. Riɗinka ma akwai fotashiyam amma bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba, na takin nan ya ninka shi fiye da sau 20, don haka da wuya kwantenarka ta tayar da ƙararrawa.

Yadda ake raba taki da mugun abu shine kowane sinadari da irin muryarsa. Fotashiyam-40 yana fitar da gamma mai ƙarfin 1,461 a ma'aunin ƙarfin gamma da ake kira keV, yuraniyom-235 kuwa 186, fulutoniyom-239 wajen 414, waɗannan biyun su ne kayan bam, siziyom-137 kuma 662. Allon roba ba shi da kunnen da zai tantance su ɗaya bayan ɗaya, amma zai iya raba ƙirgen kashi-kashi, masu rauni nan masu ƙarfi can, sai a duba rabon. Taki da tayil rabonsu kusan irin na ƙasa ne, sun ƙara yawa ne kawai ba su canza murya ba, shi kuwa kayan bam yana cika ɓangaren masu rauni. Wani amfanin rabon shine inuwar mota ba ta cika dagula shi ba don tana rage duka ɓangarorin kusan tare. Ana kuma duba yadda ƙirgen ya bi tsawon motar, taki yana tashi ya shimfiɗu tun daga gaba har baya, abu ƙarami a waje ɗaya kuwa tsini yake yi ya sauka. Ɗakin binciken Livermore a Amurka ya haɗa irin waɗannan alamomi cikin manhajar da ke koyo daga tsofaffin bayanai don rage tsayar da motocin halal. Gwamnatin Amurka kuma ta taɓa kashe kuɗi masu yawa kan sabbin ginshiƙai masu tantance murya kai tsaye, ta soke shirin a 2011 da gwaji ya nuna bai biya ba.

Niyutiron lissafinsa daban ne don ƙirgen gidansa kaɗan ne ƙwarai kuma taki ba ya fitar da shi, shi ya sa ihun niyutiron ba a wasa da shi. Fulutoniyom yana zubar da su da yawa, kowane giram na nau'in 240 wajen 1,000 a daƙiƙa. Wanda ya fi wuyar kamawa shine tataccen yuraniyom, muryarsa ƙasa-ƙasa ce kuma niyutiron ɗinsa bai taka kara ya karya ba, wannan sanannen abu ne a wajen masu aikin. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA tana ɗaukar kilo 8 na fulutoniyom ko kilo 25 na yuraniyom-235 a tatacce a matsayin adadin da ya isa a damu da shi, kaga abu ne da zai shige cikin buhu ɗaya a kwantena mai tan 19. Kuma in ka duba manyan kamun da aka yi, giram 363 na fulutoniyom a filin jirgin Munich ta Jamus a Agustan 1994 cikin jirgin da ya taso daga Mosko, da kilo 2.7 na tataccen yuraniyom a Prague ta ƙasar Czech a Disambar shekarar, duk aikin 'yan sanda da bayanan sirri ne. Shi ya sa ake haɗa ƙirgen da takardun kaya, wa ya aiko, daga ina, me aka rubuta, kamar dai yadda kwastam ke tura wani layin kore wani layin ja.

Abinda ya fi tsaya min a rai shine wannan. A ce motoci miliyan ɗaya suka wuce, ɗaya tak ke ɗauke da mugun abu, na'ura ta kama ta, amma 1 cikin 100 na sauran ma sun sa ihu saboda taki da tayil. Ihu 10,000 kenan, na gaske ɗaya. Wannan lissafin wani Bature mai suna Bayes ne da aka buga tun 1763, kuma ma'anarsa biyu ce. Ta farko ihu ba hukunci bane, kusan kullum mai kayan ba shi da laifi, bai kamata a wulaƙanta direba ko a mayar da ƙararrawa hanyar karɓar na goro ba. Ta biyu ta fi ban tsoro, jami'in da ya duba mota 9,000 ya ga taki ne, ran da ta gasken ta zo hannu kawai zai ɗaga mata, wani ma ya kashe ƙarar don ta ishe shi. Don haka rage ihun banza ba don jin daɗin 'yan kasuwa kaɗai ake yi ba, tsaron kansa ne.

Mu a nan ma ba bam ne ya fi kusa da mu ba. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar ɗanye ne, nau'in 235 a cikinsa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai, kuma ɗan tataccen da ke injin bincike na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya an mayar da shi Chana a 2018. Abinda nake jin tsoro kayan jari bola ne. Kundin IAEA ya tara rahoto sama da 4,000 tun daga 1993, mafi yawansu ba fataucin kayan bam bane, ƙananan tushen radiyeshan ne na asibiti da masana'antu da suka ɓace ko aka sace ko aka tsinta cikin tarkacen ƙarfe. A Goiania ta Burazil a 1987 wasu masu tsintar ƙarfe suka fasa na'urar asibitin da aka yi watsi da ita, suka ga garin siziyom yana sheƙi shuɗi a duhu suka rarraba wa 'yan uwa, mutum 4 suka mutu har da yarinya 'yar shekara 6, aka auna mutum wajen 112,000. A Meziko kuma kobal-60 ya shiga tukunyar narka ƙarfe aka yi rodi da shi, ba wanda ya sani sai a Janairun 1984 da wata mota ɗauke da rodin ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar ɗakin binciken nukiliya na Los Alamos a Amurka na'ura ta yi ihu. In ka ga tirelolin jari bola da ke tashi daga garuruwanmu, da yaran da ke fasa ƙarfe da guduma ba takalmi, za ka gane me ya sa nake cewa ƙofar kamfanonin narka ƙarfe ta cancanci ginshiƙan nan kamar yadda boda ta cancanta. Duk wanda ya tsinci ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, da tambarin fanka mai fiffike uku a jiki, kar ya fasa kar ya sa a aljihu, ya nisanta mutane a sanar da hukuma, akwai hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta Najeriya, NNRA, da ke wannan aiki tun 2001.

Game da kwantenarka Alhaji, in ma ƙaddara ta sa ta yi ihu, gefe za a ja ta, jami'i ya zagaya ta da na'urar hannu mai tantance murya, in ta nuna fotashiyam-40 kuma takarda ta ce riɗi ne magana ta ƙare, yawanci ko buɗewa ba a yi. Inda ake samun jinkiri shine in abinda na'ura ta ji bai yi daidai da abinda aka rubuta ba, don haka ka ja kunnen ejan ɗinka ya rubuta kaya yadda suke da nauyinsu daidai, kuma kar ka yarda a cusa maka kayan wani, tayil ko taki ko tsohon ƙarfe, a cikin kwantenar da sunanka ke kai. A gaida mutanen gida.